Tseren Legas na watan Fabrairu: in shiga na kilomita 10 ko in gwada gudun fanfalaki?

Mai Gudun Asuba, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar gudu, musamman waɗanda suka taɓa shiga tseren kan titi.

Ni ma'aikaci ne a Kano, shekaruna 38, kuma na fara sassarfa ne bara bayan likita ya gaya mini cewa ƙibata ta yi yawa, jinina kuma ya fara hawa. Da farko ko zagayen fili ɗaya ba na kammalawa sai na tsaya ina haki, amma yanzu, alhamdu lillahi, ina cinye kilomita 5 a cikin minti 30, wani lokacin ƙasa da haka kaɗan. Kullum nake fita bayan sallar Asuba in ban da ranar Juma'a, wata rana a Filin Sukuwa, amma galibi a kan kwalta ta hanyar BUK domin ta fi kusa da gida.

Damuwata ta farko ita ce watanni ke nan lokacina ya tsaya cak. Duk fitar da zan yi ina zuba iya ƙarfina ne domin in karya lokacin jiya, amma agogo ba ya motsawa, wasu ranakun ma baya nake komawa. Ta biyu kuma, ƙwaurina na hagu ya fara ciwo ta gefen ciki. Idan na fara gudu sai ya yi zafi, in jiki ya ɗumama ya lafa, bayan na dawo gida kuma ya dawo, har hawa matakalar ofis yakan dame ni. Ga kuma hunturu yana ƙaratowa, ni kuwa ƙura tana saurin kama mini maƙogwaro.

Babbar tambayar ita ce ta tseren birnin Legas da ake yi a watan Fabrairu. Saura wajen wata huɗu. Abokan aikina suna cewa tunda zan kashe kuɗin mota da na masauki in tafi har Legas, to bai kamata in tsaya a kan na kilomita 10 ba, gara in shiga babban na kilomita 42 ko da da tafiya zan ƙarasa. Zuciyata ta karkata ga maganarsu, amma ban taɓa wuce kilomita 7 a fita ɗaya ba. Wanne ya dace da ni, kuma yaya zan tsara atisayena daga yanzu zuwa lokacin? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Ɗan Tsere, Jos

Wa alaikumus salam. Ƙanena, da farko ina taya ka murna, domin mutumin da ya tashi daga haki a zagaye ɗaya zuwa kilomita 5 a minti 30 ya riga ya yi aikin da ya fi wuya, wato sabar wa kansa fita kullum. Amma abubuwa biyun da ka kawo, tsayawar lokaci da ciwon ƙwauri, tushensu ɗaya ne, kuma kai da kanka ka faɗe shi a cikin tambayarka: duk fitar da za ka yi tsere kake yi da jiya.

Jiki ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake wahalar da shi. Yana ƙara ƙarfi ne a lokacin hutun da ya biyo bayan wahalar, sa'ad da tsoka take gyara abin da ya ɓaci. Wanda yake gudu da dukkan ƙarfinsa kwana shida a mako bai bar wa jiki wannan damar ba, saboda haka kullum da ragowar gajiyar jiya yake fita. Ba ya samun sauƙin da zai huta, ba ya kuma samun kuzarin da zai yi saurin gaske. A tsakiya yake maƙalewa, kuma a nan ne sauri yake haifar nawa.

Manyan masu gudun duniya ba haka suke yi ba. Abin da masu horarwa suka daɗe da lura da shi shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu a hankali suke yin sa, ragowar kashi 20 ne kawai na matsa lamba. Mutanen Kenya da ke atisaye a Iten da Kaptagat, waɗanda daga cikinsu aka sami irin su Eliud Kipchoge da ya yi kilomita 42 a awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a birnin Berlin na Jamus a 2022, an san su da fara gudun hutunsu a hankali ƙwarai, har mai kallo ya yi mamaki. Nan Filato ma, yaran Pankshin da suka yi suna a tseren dogon zango a Najeriya, idan ka gamu da su da sassafe a ranar da ba ta aiki mai nauyi ba ce, za ka ji suna tafe suna hira. Wannan hirar ita ce ma'aunin da nake ba kowa. Idan kana gudu kana iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya yanke maka ita ba, to kana kan daidai. Idan kalma biyu kake iya fitarwa ka ja iska, ka yi sauri da yawa.

A lissafinka kana yin kilomita ɗaya a minti 6. Gudunka na yau da kullum ya kamata ya koma minti 7 zuwa 7 da rabi. Na san zai yi maka nauyi a rai, domin za ka ga waɗanda kake wucewa a da suna wuce ka, wani ma ya tambaye ka ko lafiya. Ka daure. Wannan gudun na sannu shi ne yake ƙara wa zuciya yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, yake yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yake kuma bai wa jijiyoyi da ƙashi lokacin da za su saba, domin su sun fi huhu da zuciya jinkirin sabawa. Shi ya sa sabon mai gudu yakan ji numfashinsa ya yi kyau alhali ƙafarsa ba ta shirya ba.

Game da Legas kuwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba: ka shiga na kilomita 10. Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, wato ninki shida na mafi tsawon gudun da ka taɓa yi. Wanda yake shirya masa yadda ya kamata yakan kai dogon gudunsa na ƙarshen mako zuwa kilomita 28 ko 32, kuma ba a hawa daga 7 zuwa 30 a wata huɗu da ƙafa mai ciwo. Ko da ka kai ƙarshe, mai irin saurinka zai haura awa 5 a kan titi, ma'ana rana za ta take kana tsakiyar hanya. Abokan aikinka da niyyar alheri suke magana, amma ba su ne za su taka kwaltar ba. Kilomita 10 kuma ba ƙaramin abu ba ne. Zagaye 25 ne na filin wasa, kuma mai yin 5 a minti 30, idan ya yi shiri mai kyau, yana iya sa ran gama 10 a wajen minti 62 zuwa 65.

Ga yadda zan tsara maka mako, bayan ƙafar ta lafa. Ka rage fita zuwa kwana huɗu. Litinin da Alhamis ka yi kilomita 4 ko 5 a hankali, irin na hira. Ranar Talata ko Laraba ka tafi filin da yake da zagayen mita 400, ka ɗumama jiki na minti goma, sannan ka yi zagaye ɗaya da sauri a wajen minti 2 da daƙiƙa 15, ka yi tafiya ko sassarfa ta minti biyu, ka sake. Ka fara da sau huɗu, kana ƙara ɗaya bayan mako biyu har ka kai takwas. Zagayen ƙarshe ya zama daidai da na farko, in ya fi shi nawa to ka fara da garaje. Ranar Asabar kuma ita ce ta dogon gudu, kuma ita ce ƙashin bayan shirin gaba ɗaya: ka fara da kilomita 6, kana ƙara ɗaya duk mako, amma duk mako na huɗu ka koma baya da kilomita biyu ko uku domin jiki ya sarara. Idan ka kai 12 kafin ƙarshen Janairu, ka gama aikinka. Kwana goma na ƙarshe kafin tsere sai ka rage komai zuwa rabi.

A Kano ba ku da tuddai irin namu, amma kuna da Goron Dutse da Dala. Idan ƙafa ta warke sarai, hawa ɗaya a mako biyu a madadin zagayen fili zai ƙara wa cinya ƙarfi. Saukowa dai da tafiya za ka yi, domin gangara ce take cin gwiwa da ƙwauri.

Ma'aikaciyar Gashin Ƙashi, Zariya

Assalamu alaikum. Baba na Jos ya yi bayani mai gamsarwa a kan tsarin atisaye, ni kuma zan tsaya a kan lafiya, domin irin wannan ƙorafin na ƙwauri muna yawan ganinsa a wurin aiki, musamman ga sababbin masu gudu da matasan da suke shirin shiga aikin ɗamara.

Malam, yadda ka siffanta ciwon, wato gefen ciki na ƙwauri, yana tashi a farkon gudu ya lafa ya dawo daga baya, ya yi kama da wahalar da ƙashi da tsokar da ke manne da shi suke sha idan an ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Amma ba a yanke hukunci daga nesa, kuma akwai bambancin da ya kamata ka duba yau ɗin nan. Ka zauna ka bi gefen ƙashin da yatsa kana dannawa daga sama zuwa ƙasa. Idan zafin a baje yake, ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, galibi na gajiya ne, kuma hutu da rage nauyi suna magance shi. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da za ka iya rufewa da kan yatsa, ko yana damunka da dare kana kwance, ko ba ka iya yin tsalle da ƙafar ita kaɗai, to ka daina gudu gaba ɗaya ka ga likitan ƙashi, domin ƙashin yana iya kasancewa ya fara tsagewa. Ka sani kuma cewa irin wannan tsagewar sau da yawa ba ta bayyana a hoton farko a makonnin farko, saboda haka hoto mai kyau bai isa ya zama izinin komawa titi ba idan zafin yana nan. Abin da ya fi ja mini hankali a bayaninka shi ne matakala ta fara damunka, wannan alama ce cewa abin ya wuce na wasa.

Ko da na gajiya ne, ka ajiye gudu na mako biyu. Ba za ka rasa abin da ka tara ba. Ka hau keke ko ka yi tafiya mai ɗan sauri muddin ba ta tayar da zafin, ka kuma riƙa ƙarfafa sha-raɓa: ka tsaya a bakin dakali da yatsun ƙafa, ka ɗaga diddige sama, ka sauke shi a hankali, sau 15, ka huta, ka maimaita sau uku. Idan ya yi sauƙi sai ka koma yi da ƙafa ɗaya. Da za ka koma gudu, ka fara a kan ƙasa ko ciyawa, Filin Sukuwa ya fi maka kwalta a yanzu. Gefen kwalta kuma a karkace yake domin ruwa ya gangara, don haka wanda kullum yake bin gefe ɗaya ƙafarsa ɗaya ce take ɗaukar wahalar.

Abin da nake roƙonka da shi musamman shi ne kada ka sha maganin kashe zafi irin su ibuprofen ko diclofenac domin ka samu ka fita gudu. Suna ɓoye gargaɗin da jiki yake yi, kuma haɗuwarsu da zufa mai yawa da ƙarancin ruwa tana wahalar da ƙoda, balle ga mai hawan jini.

Tunda ka ambaci hawan jinin, ka koma wurin likitanka ka gaya masa a fili cewa tsere kake shirin shiga, a auna ka, a duba ko maganin da kake sha, in kana sha, yana da alaƙa da yawan fitsari ko bugun zuciya. Ka kuma san nau'in jininka na gado, wato ko AA ne ko AS. Mai AS yana gudu lafiya, amma ya fi sauran mutane bukatar kiyaye zafi da ƙishirwa da matsa wa kai fiye da kima. Duk ranar da ka ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya ya rikice, tsayawa za ka yi nan take, ba daurewa ba. Haka nan idan zazzaɓi ya kama ka, ba a gudu da shi, kuma ba a komawa washegarin gama magani, sai ƙarfi da cin abinci sun dawo.

Maganar hunturu kuma, mutane suna ɗauka iskar asuba ce ta fi tsabta, amma a wannan lokacin ba kullum haka take ba. Sanyin dare yana danne ƙura da hayaƙin bola da na itacen da ake jin ɗumi kusa da ƙasa, sai rana ta ɗaga suke watsewa. Mai gudu kuwa yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na mai tafiya, kuma ta baki yake shaƙa, inda babu gashin hanci da zai tace ta. Ranar da ka fito ka ga hazo ya rufe har ba ka hango ƙarshen layinku sosai, ka haƙura da titi, ka yi motsa jikinka a cikin gida. A sauran ranakun ka nisanci manyan hanyoyin da motoci suke tayar da ƙura, ka shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da bakin hanci, ka tsawaita ɗumama jiki, ka kuma sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, domin busasshiyar iska tana shanye zufa tun kafin ka gan ta. Idan tari ko shaƙewar numfashi suna biyo bayan gudu a kai a kai, a duba ka ko asma ce.

Hanya mai sauƙi ta sanin ruwan da kake zubarwa ita ce ka hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, ba kitse ba.

Ɗan Agege, Legas

Salam. Ni a Agege nake zaune, kuma na shiga wannan tseren, na kilomita 10 da kuma babban, saboda haka bari in faɗi abin da mutumin Arewa zai tarar.

Tun 2016 ake yin sa, ranar Asabar a watan Fabrairu. A shekarun da na shiga, babban yana tashi ne daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere da misalin ƙarfe 6 da rabi na safe, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ya ƙare a Eko Atlantic. Na kilomita 10 kuma ta wajen Lekki yake tashi. Ana iya sauya hanya ko lokaci, don haka ka bi sanarwar masu shiryawa ta wannan shekarar.

Na yarda da Baba cewa na 10 ya dace da kai, amma dalilina ya ɗan bambanta da nasa. Na ga mutanen da ba su yi wani shirin kirki ba sun ƙarasa 42 da gudu da tafiya, don haka ba zan ce ba ya yiwuwa ba. Abin da yake kayar da baƙi shi ne iskar Legas. Kai za ka yi wata uku kana atisaye a cikin sanyi da bushewar hunturun Kano, inda zufa take bushewa nan da nan ta sanyaya jiki. Nan kuwa iskar cike take da laima. Tun kafin a busa usur riga ta jiƙe, zufa tana zuba amma ba ta bushewa, saboda haka jiki ba ya hucewa, zuciya kuma tana ƙara bugu a saurin da ka saba da shi. A kan gadar nan babu inuwa ko ta sandar fitila mai kirki, ruwa hagu ruwa dama, kuma a nan na ga ƙarti suna zaune a gefen titi sun cire takalma suna jiran motar ɗaukar waɗanda suka gaza. A kilomita 10 wannan zafin zai rage maka minti biyu ko uku ne kawai. A 42 yana iya kai mutum asibiti.

Jiki yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Idan ba za ka sami zuwa da wuri ba, to a makonni biyun ƙarshe ka mayar da wasu daga cikin gudunka na sannu zuwa hantsi ko bayan La'asar, ka ƙara riga a kan wadda ka saba, ka riƙe ruwa a hannu. Na sannun kawai nake nufi, ba na sauri ba.

Ranar tseren kanta tana da nata sha'ani. Lambar ƙirji ana karɓarta ne kwanaki kafin ranar, ba da safiyar ba, don haka ka iso aƙalla kwana biyu kafin lokaci. Ana rufe hanyoyi tun da duhu, kuma wanda ya kwana a Agege ko Mile 12 yana tunanin zai sami mota da asuba zai iya jin tashin tsere yana cikin cunkoso. Ka nemi masauki kusa da wurin tashi, ka kuma tsara inda za ka yi sallar Asuba tun daren. Kada ka ci abin da cikinka bai sani ba. Idan koko ko shayi da burodi ko ayaba ka saba ci kafin dogon gudunka na Asabar, shi za ka ci, awa biyu kafin tashi. Kada ka sa sabon takalmi ko sabuwar safa, kuma rigar da za a raba muku ka ajiye ta sai bayan an gama. Ka shafa basilin a tsakanin cinyoyi da hammata da kan nono, domin jiƙaƙƙen yadi yana goge fata har ta yi jini.

Da an tashi za ka ga jama'a sun kwasa a guje kamar an koro su, da kiɗa da ihu, kuma ƙafarka za ta so ta bi su. Ka riƙe kanka a minti 6 da rabi a kilomita biyun farko. Yawancin waɗanda suka wuce ka za ka same su suna tafiya a kilomita na huɗu. A wurin ba da ruwa ka kurɓa kaɗan, ka zuba saura a ka, ba sai ka shanye roba guda a kowace tasha ba, domin yawan ruwa fiye da kima ma yana da nasa haɗarin.

Idan ka ji daɗin wannan, akwai na Okpekpe a jihar Edo, shi ma kilomita 10 ne, ana yin sa wajen watan Mayu tun 2013, sai dai tuddai ne da shi masu gajiyarwa. Abin da yake damuna shi ne mutumin Kano sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sami tseren da aka auna hanyarsa da kyau aka kuma tsare ta. An yi na rabin fanfalaki a Kaduna a 2020, kuma ya nuna cewa akwai masu sha'awa a Arewa. Kafin a samu masu ɗorewa, ku da kuke haɗuwa a Filin Sukuwa kuna iya ware Asabar ɗaya a wata ku auna kilomita 5 ko 10, ku tashi tare, wani ya riƙe agogo. Wanda ya taɓa tashi a cikin mutum talatin ba zai rikice a cikin dubbai ba.

Mai Gudun Asuba, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Na danna ƙwaurin kamar yadda Hajiya ta ce, zafin a baje yake, amma duk da haka zan ga likita a wannan makon, kuma na tsayar da shawara a kan kilomita 10. Saura abu biyu, Baba. Takalmin da nake sawa kambas ne na gwanjo da na saya tun farkon farawata, shin dole ne sai na sayi irin masu tsadar nan? Sannan yaya kuke yi da atisaye idan azumi ya kama?

Tsohon Ɗan Tsere, Jos

Ba dole ba ne, ƙanena. Masu tsadar nan da ake sa musu wani siririn faranti mai tauri a cikin soson ƙasansu an yi su ne domin masu neman rage daƙiƙoƙi, ba su ne maganin ƙwauri ba. Amma wanda kake sawa ya gama aikinsa. Takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu, kai kuwa a kilomita 30 duk mako ka wuce haka tun tuni, ban da abin da mai shi na farko ya taka. Gwanjo ba laifi ba ne idan ka iya zaɓe. Ka juya shi ka duba ƙasan, in gefe ɗaya na diddige ya cinye ka ajiye. Ka danna soson da babban yatsa, in ya yi tauri ko ya yi tamoji ka ajiye. Ka je kasuwa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita, kuma ka bar sararin faɗin babban yatsa a gaban yatsunka. Ka saya yanzu domin ya saba da ƙafarka kafin Fabrairu.

Azumi kuwa, ka fara duba kalanda kafin ka yi rajista, domin yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan daf da lokacin tseren yake faɗowa. Idan ranar ta shiga cikin Ramadan, ni shawarata ka bar ta ka nemi wani tseren bayan Salla. A cikin watan kansa ba a neman ƙarin sauri, riƙe abin da ake da shi ake yi. Ka rage zuwa kwana uku a mako. Wasu suna yin sassarfa ta rabin awa daf da Magariba domin su gama a sha ruwa, amma ga mai hawan jini, kuma a zafin Kano, na fi son bayan Tarawi, lokacin da ka sha ruwa ka ci dabino da kunu, abinci mai nauyi kuma ka bar shi sai ka dawo. Gudun bayan Asuba da ka saba shi ne ya fi rashin dacewa, domin za ka zubar da ruwan sahur gaba ɗaya alhali yini yana gabanka. In za ka fita da dare ka sa fararen kaya, ka bi gefen hagu kana fuskantar motocin da ke tahowa, kuma ka bar abin sauraron kunne a gida saboda masu adaidaita sahu.